Shuɗin allo sau 9 cikin mako 2: ta ina zan fara neman matsalar?

Mustapha: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kan kwamfuta ku taimaka mini, abin ya kai ni maƙura. Laftof ce, shekararta 4 a hannuna, Windows 10 ce a kanta, SSD (faifan ajiyar fayiloli) 512GB, RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi da take aiki da ita) 16GB. Wata 2 ke nan da ta tsiro da wani hali: ina cikin aiki sai allon ya koma shuɗi, ta rubuta wani abu, kafin in gama karantawa ta kashe kanta ta sake tashi. Wani lokacin ma ba shuɗin allon, sandarewa kawai take yi, maus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa, sai na danne maɓallin kunnawa ta mutu. A mako 2 da suka wuce na ƙirga sau 9. Jiya rubutun shafi 6 ta cinye mini. Na yi sikanin da antibairos, bai ga komai ba.

Oga Sadi: Wa alaikumus salam. Kwashe fayil ɗinka ka yi mata fomatin. Awa 1 ka gama. Windows 10 ɗin ma ai Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, ka ɗora 11 ka huta.

Malama Hadiza: Oga Sadi, kai dai kowace cuta allura ɗaya gare ka. Daina tallafi yana nufin an daina aiko da gyaran tsaro na kyauta, ba ya sa kwamfuta ta fara faɗuwa dare ɗaya. In kuma ciwon a jikin ƙarfen yake, ko sau 10 ya yi fomatin zai dawo nan da kuka. Abin da fomatin zai yi kawai shi ne goge shaidar da za mu karanta.

Mustapha, abu na farko: kwafe duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani faifai na waje, yau ɗin nan. Na biyu, hana ta saurin tashi bayan ta faɗi. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, sannan Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan in ta faɗi allon zai tsaya har ka ɗauki hotonsa da waya. Rubutun manyan baƙaƙe da ke ƙasa shi muke so.

Mustapha: Na gode Malama. Na yi. Kafin ki amsa ma na ɗan yi bincike, na shiga Event Viewer, na ga jan saƙo yana ta maimaituwa: Kernel-Power, lamba 41. Tunda maganar wuta ce, ina ganin caja ce ko batir. Har na fara neman sabuwar caja.

Injiniya Bala: Dakata ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Wannan sunan ya yaudari mutane da yawa. Lamba 41 ba ta ce wuta ce ta kashe kwamfutarka ba. Abin da take cewa kawai: "Na tashi na tarar ba a kashe ni yadda ya kamata ba." Bayan ta farfaɗo ake rubuta saƙon, ba lokacin faɗuwar ba. Ko shuɗin allo ne, ko batir ne ya ƙare, ko kai ne ka danne maɓalli da yatsanka, 41 ɗin za ka gani. Kamar mai gadi ne da ya zo da safe ya rubuta cewa ya tarar da ƙofa a buɗe. Gaskiya ya faɗa, amma bai ga wanda ya buɗe ba.

Amma tana da amfani in ka buɗe cikinta. Shiga Details ka duba BugcheckCode. In akwai lamba a wurin, Windows ce ta lura da ɓarna ta tsayar da kanta da gangan, ta kuma bar mana bayani. In 0 ne, ba ta samu damar cewa komai ba, ko an yanke mata wuta ko ta sandare ka kashe ta. Ka ware su gida biyu ka faɗa mana nawa ne a kowane gida.

Sannan akwai wurin da ya fi Event Viewer sauƙin karantawa. Windows da R, rubuta perfmon /rel. Zai nuna maka kwanaki a jere, da jan gicciye a duk ranar da ta faɗi, da abin da aka saka ko aka sabunta a ranakun. Koma baya ka nemo ranar farko.

Mustapha: Injiniya na duba. Cikin 9 ɗin, 6 suna da lamba, 3 kuma 0 ne, kuma ukun nan su ne lokutan da ta sandare na kashe ta da hannu. Ga sunayen da na samu: MEMORY_MANAGEMENT sau 2, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL sau 2, PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sau 1, SYSTEM_SERVICE_EXCEPTION sau 1. A ranar farko ban ga an saka wata sabuwar manhaja ba.

Ɗan'auta: Kwamfutarka ta iya canza zance fiye da mai bashi.

Kabiru: Ni dai zafi nake zargi. Laftof mai shekara 4, na tabbata ba a taɓa buɗe fankarta ba. Ƙura da zaren tufafi suna taruwa tsakanin fanka da ƙarafan da iska ke bi ta fita, su zama kamar bargo. Tawa haka ta yi ta mutuwa, da aka share aka sa sabon man sanyaya firosesa shi ke nan. Sauke HWiNFO ka ga zafinta.

Mustapha: Na sauke. In ba na komai tana tsakanin digiri 52 zuwa 58. Da na buɗe bidiyo da shafukan burawuza da yawa ta kai 91.

Kabiru: Ka gani ko? 91!

Injiniya Bala: Malam Kabiru, 91 ba abin yabo ba ne, kuma ba shakka fankar tana son shara. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Yawancin firosesan laftof iyakarsu tana wajen digiri 100. Kafin su kai nan suna rage gudu da kansu, shi ya sa kake jin kwamfuta tana jan ƙafa in ta yi zafi. In rage gudun bai wadatar ba, sai ta ɗauke ɗif kamar an zare mata wuta, ba shuɗin allo, ba sallama. Taka da ka ce an gyara, yaya take mutuwa?

Kabiru: Gaskiya ɗaukewa take yi kawai, allo baƙi.

Injiniya Bala: To ka ga bambancin. Mustapha, taka tana faɗuwa ne kawai in tana aiki mai nauyi?

Mustapha: A'a. Ranar da ta cinye mini rubutu, Word kaɗai na buɗe, fankar ma ba ta ƙara. Akwai kuma ranar da na yi awa 3 ina gyaran bidiyo, tana ta huci, ba ta faɗi ba.

Malama Hadiza: Wannan ya rage wa zafi ƙarfi sosai. Kada ka share fankar yanzu, ka bari sai mun gama. In ka share fanka, ka sabunta direbobi (ƙananan manhajojin da Windows ke sarrafa sassan kwamfuta da su), ka canza caja duk rana ɗaya, ko ta daina ba za ka san abin da ya gyara ta ba, in kuma ta dawo ka koma farko. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa, ka rubuta a takarda, ka jira.

Yanzu shiga C:\Windows\Minidump. Kowane shuɗin allo yana barin ɗan fayil a wurin. Buɗe su da BlueScreenView don ka ga sunan da ake zargi a kowanne. WinDbg ya fi shi zurfi, in ka buɗe fayil ɗin ka rubuta !analyze -v, amma fara da mai sauƙin.

Mustapha: Guda 4 suna nuna ntoskrnl.exe, ɗaya ntfs.sys, ɗaya kuma direban Wi-Fi. To ntoskrnl ɗin nan ne mai laifi? Zan iya goge shi in sauke sabo?

Malama Hadiza: Kul! Wannan ita ce zuciyar Windows kanta, in ka taɓa ta kwamfutar ba za ta tashi ba. Sunanta yana yawan fitowa ne saboda komai ta hannunta yake bi. Wani ya lalata bayanin da ke cikin RAM ya wuce abinsa, ita kuma ta zo ɗauka ta yi tuntuɓe da shi. A hannunta aka ga kayan, ba ita ta sata ba.

Ga yadda nake karanta abin. In direba ɗaya ne ya lalace, yawanci saƙo iri ɗaya za ka riƙa gani, da sunan fayil iri ɗaya, a lokacin aiki iri ɗaya. Misali direban hoto: VIDEO_TDR_FAILURE, kullum in an buɗe wasa ko bidiyo, domin Windows tana ba katin hoto daƙiƙa 2 ya amsa, in ya gaza ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, in hakan ya ci tura ta faɗi. Ko ku tuna abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024, da wata sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Duk da yawansu, direba ɗaya ne yake fitowa a allonsu. Haka ciwon manhaja yake, yana da fuska ɗaya. Taka kuwa saƙo 4 daban, mai laifi 3 daban, ba ruwanta da nauyin aiki. In kowa a gida yana tuntuɓe a wurare daban-daban, daɓen ɗakin ake dubawa. RAM nake zargi.

Injiniya Bala: Ina bayan Malama. Ƙanena, 16GB ɗin nan da ita kwamfutar ta zo?

Mustapha: A'a, da 8 ta zo. Na ƙara wata 8 ɗin wata 7 da suka wuce. Amma ta yi wata 5 lafiya lau bayan nan, shi ya sa ban ambata ba.

Ɗan'auta: Allura ta fara tono garma.

Oga Sadi: To ai shi ke nan, cire sabuwar ka jefar.

Injiniya Bala: Sai an gwada. Kafin nan a kawar da SSD daga zargi, tunda ntfs.sys, direban da ke kula da fayilolin da ke kan faifai, ya fito sau ɗaya. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyarsa cikin minti 1. Faifan da ke mutuwa ya fi jawo KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ko CRITICAL_PROCESS_DIED, kuma ba ka ga ko ɗaya ba, amma dubawar ba ta da wuya. Duba batir ma: buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport.

Mustapha: SSD ya nuna lafiya, kashi 94. Batir kuma an ƙera shi a kan 45,000 mWh, yanzu yana cika a 33,000. Na kuma gudanar da gwajin RAM na Windows, mdsched ɗin nan. Ya ce babu matsala.

Malama Hadiza: Batirin ya tsufa daidai shekarunsa, ba shi ne ba. Gwajin Windows kuma in ya ce akwai matsala ka yarda da shi, in ya ce babu kada ka saki jiki, gajere ne. Ɗora manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filash, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye 4 ɗinsa cikakku. Zai ɗauki awoyi, ka bar shi da dare a jone da caja. Kuskure ko 1 ne ya fito, ya isa hujja. RAM ba ta da "ɗan kaɗan ne."

Mustapha: Barkanmu da safiya. Ya gama zagaye 4, kuskure 0. Koren rubutu, ya ce ta ci jarrabawa. Gaskiya jikina ya yi sanyi, na sa rai a nan za a kama ta.

Oga Sadi: Ina masu cewa ƙarfe ne? Kwana 3 kuna wahalar da yaro. SSD lafiya, RAM lafiya, zafi ba shi ba ne, batir ba shi ba ne. Me ya rage in ba Windows ba? Da ya bi maganata da tuni ya manta.

Malama Hadiza: Na yarda sakamakon bai goyi bayana ba. Amma ban janye ba tukuna, domin saƙonnin nan 4 ba su yi kama da ciwon manhaja ba.

Kabiru: Akwai Driver Verifier, me zai hana ya kunna shi? Yana matsa wa direbobi lamba har mai laifin ya fito fili.

Injiniya Bala: Kayan aiki ne mai kyau a hannun wanda ya san yadda zai kashe shi. Aikinsa ke nan ya kayar da kwamfuta da gangan, kuma yana iya sa ta riƙa faɗuwa tun kafin ta gama tashi. Wanda bai iya shiga Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kaɗai) ya rubuta verifier /reset ba, garin gyaran gira zai rasa ido. Haka ma sabunta BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows: ba a yin sa a kan kwamfutar da ke iya faɗuwa kowane lokaci, in ta yanke a tsakiya an shiga uku.

Nura: Ga hanyar raba gardamar Oga Sadi da Malama ba tare da an goge komai ba. Ɗora Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows, a filash, ka tayar da ita daga kansa, ka zaɓi gwadawa ba tare da sakawa ba. Ba za ta taɓa Windows ɗinka ba. Ka yi aikinka na yau da kullum a ciki kwana 1 ko 2. Babu direban Windows ko ɗaya a wurin, babu antibairos ɗinka, babu komai. In ta zauna lafiya, Oga ya yi kusa da gaskiya. In ta faɗi a can ma, to maganar fomatin ta mutu.

Oga Sadi: Na amince da wannan alƙalancin.

Mustapha: Labari ya canza. Jiya tun safe nake cikin Ubuntu, awa 6 ba ko gezau. Da dare na ɗauke ta daga tebur zan koma kujera, kafin in zauna ta sandare. Hoton ya tsaya cak, sautin bidiyon yana ta maimaita guntun abu ɗaya kamar ƙarar injin.

Injiniya Bala: Tsaya nan. Sake karanta abin da ka rubuta. Ka ɗauke ta. Yaya kake ɗaukarta?

Mustapha: Da hannu ɗaya, ta kusurwar hagu ta gaba, allon a buɗe. Haka na saba.

Injiniya Bala: Yanzu yi tunani a kan sauran faɗuwar. Ranar rubutun shafi 6, a ina take? Ranar gyaran bidiyo na awa 3 da ba ta faɗi ba, a ina take? Daren MemTest86 fa?

Mustapha: Innalillahi. Ranar rubutun a cinyata take. Gyaran bidiyo kullum a tebur nake yi saboda maus. MemTest86 ma a tebur ta kwana, ba wanda ya taɓa ta. Kuma yanzu na tuna, wajen wata 2 da suka wuce jakar ta suɓuce daga kafaɗata ta bugu da ƙasa. Ba ta fashe ba, ta kunna lafiya, sai na manta da zancen.

Ɗan'auta: Wato mun yi kwana 5 muna tambayar kwamfuta, ashe mai kwamfutar ya kamata a titsiye.

Malama Hadiza: Laifinmu ne mu ma, ba wanda ya tambaye shi. Ni kaina na tsaya kan lambobi na manta laftof abu ne da ake yawo da shi. Gwajin bai yi ƙarya ba: a kwance a tebur RAM ɗin lafiyarta ƙalau. Jikin laftof, musamman na roba, yana ɗan lanƙwasa in an ɗaga shi ta kusurwa, babban allon da ke ciki ma yana lanƙwasa tare da shi. RAM ta laftof irin DDR4 tana da 'yan haƙora 260, kowanne dole ya taɓa nasa a gurbi. Guda ɗaya ya saki na ƙiftawar ido, 0 ya koma 1 a wani wuri, duk wanda bayaninsa ke wurin a lokacin shi zai faɗi. Yau direban Wi-Fi, gobe ntfs. Shi ya sa take canza zance.

Sake kunna MemTest86. Yana cikin gudu ka ɗaga ta yadda ka saba, ka ɗan danna gefen kibod da ƙasanta a hankali. A hankali na ce, ba murɗawa ba.

Mustapha: Malama, ko minti 2 ba a yi ba. Ina ɗagawa jan rubutu ya fara zubowa, kuskure sama da 300, sannan gwajin kansa ya sandare.

Oga Sadi: To, na sauka. Gani ya kori ji. Amma har yanzu ina kan maganata ta biyu: sabuwar RAM ɗin ce, cire ta.

Injiniya Bala: Wataƙila. Amma abubuwa 4 ne a gabanmu: RAM biyu, gurbi biyu. Ga yadda za ka yi, ƙanena, kuma kada ka tsallake ko ɗaya. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, buɗe murfin ƙasa, ka cire igiyar batir daga babban allon ciki kafin ka taɓa komai. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 don sauran wutar ta fita. Taɓa wani ƙarfe da hannunka kafin ka kama RAM, kuma ta gefe ake riƙe ta, ba ta haƙoran ba. Ka buɗa 'yan maƙallan gefe biyu, za ta ɗago da kanta. Wajen mayarwa a karkace ake zura ta, wajen digiri 30, har haƙoran su shige, sannan a danna ƙasa sai ka ji ƙas.

Sa wa tsohuwar alama A, sabuwar B. Gwada A ita kaɗai a gurbi na 1, sannan B ita kaɗai a gurbi na 1, sannan A a na 2, sannan B a na 2. Kowane karo ka mayar da murfin ka ɗaure, domin lanƙwasar ba ɗaya ba ce in murfin a cire yake, ka kunna gwajin, ka ɗaga ta kamar ɗazu. In kuskuren ya bi RAM ɗaya duk inda ta je, ita ce. In ya tsaya a gurbi ɗaya ko wace aka sa, gurbin ne. Tunda ka buɗe, ka duba batirin ko ya kumbura, domin kumburarren batir yana tura allon daga ciki. Fankar ma yanzu kana iya share ta, ka riƙe ta da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi.

Mustapha: Na gama, ya ci mini yini guda. Batir bai kumbura ba. A a gurbi na 1: lafiya. B a gurbi na 1: lafiya, na ɗaga, na danna, ko kuskure ɗaya. A a gurbi na 2: kuskure. B a gurbi na 2: kuskure. Na kuma lura maƙallin dama na gurbi na 2 ya ɗan buɗe, ba ya kama RAM ɗin sosai kamar na hagu.

Oga Sadi: Yau dai ba ranata ba ce. Da ka bi tawa da ka jefar da RAM mai lafiya.

Ɗan'auta: Oga, ai da ta daina faɗuwar ma, tunda sabuwar ce a gurbi na 2. Da ka ci nasara bisa kuskure, kana ta yi mana baki har shekara.

Injiniya Bala: Ɗan'auta ya faɗi gaskiya cikin wasa. Da ya cire B ta daina, da ya ɗauka B ce, ya sayo wata ya sa a wannan gurbin, tsugune ba ta ƙare ba.

Yanzu saura sanin ko gurbin na gyaruwa. Hura masa iska, ka goge haƙoran RAM ɗin da ɗan ƙyalle mai tsabta da sinadarin isopropyl, ka bari ya bushe. Maƙallin kuma ka mayar da shi da ɗan yatsa kaɗan-kaɗan, siririn ƙarfe ne, in ya karye ba ya ɗoruwa. In bayan haka kuskuren ya tafi, alhamdulillahi. In bai tafi ba, to dalmar da ta riƙe gurbin a jikin allon ce ta tsage sanadin faɗuwar jakar.

Nura: Ko kuma dalmar ƙarƙashin firosesa, Injiniya. Mai kula da RAM a cikin firosesan yake, kuma a yawancin laftof kowane gurbi da tasa hanyar. In ƙwallon dalma ɗaya na hanya ta biyu ya tsage, alamar iri ɗaya ce.

Injiniya Bala: Haka ne Malam Nura, daga nan ba za mu iya bambancewa ba sai da madubin ƙara girma da mita. Lanƙwasasshen maƙallin ne ya sa na fi karkata ga gurbin. Ko wanne ne dai, aikin mai gyaran babban allon ciki ne, ba na gida ba. Kuma kada wani ya ce maka a gasa allon da iska mai zafi haka kawai, sau da yawa kwana kaɗan yake yi ya dawo.

Mustapha: Na goge, na gyara maƙallin. Kuskuren ya ragu, sai na danna da ɗan ƙarfi yake fitowa, amma yana nan. Na bar gurbi na 2 ba kowa, na sa B a na 1. Na koma 8GB. Zan iya aiki a haka?

Malama Hadiza: Za ka iya. Za ka ji bambanci a gyaran bidiyo, ba don raguwar girma kaɗai ba: RAM biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, ɗaya kuwa hanya ɗaya, kuma in katin hotonka na cikin firosesa ne, daga RAM ɗin yake ci. In 8 ta matse ka, duba littafin kwamfutar ka ga iyakar abin da gurbi ɗaya ke ɗauka. Yawancin masu DDR4 suna karɓar 16GB guda ɗaya.

Amma akwai sauran aiki, kuma shi mutane ke mantawa. Wata 2 kwamfutar nan tana rubuta abubuwa a SSD ta cikin RAM mai yankewa. Wasu fayilolin ƙila sun lalace ba ka sani ba. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow, sannan chkdsk C: /f, su ne za su nemo ɓarnar su gyara. Kwafin da na sa ka yi ranar farko ma kada ka amince da shi ido rufe, domin ta wannan RAM ɗin ya bi. Buɗe muhimman fayilolin ka tabbatar suna buɗewa, ka sake sabon kwafi yanzu, amma kada ka goge tsohon sai ka gwama su.

Oga Sadi: In sfc ya kasa gyarawa fa, Malama?

Malama Hadiza: To a lokacin ne za mu kira ka, Oga, ka yi fomatin ɗinka da hujja.

Mustapha: Ga rahoto bayan kwana 11. sfc ya samu fayilolin da suka lalace ya ce ya gyara su. Hotuna 2 da fayil ɗin zip 1 sun ƙi buɗewa, na same su lafiya a imel. Ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, a tebur, a cinya, har na gwada ɗaga ta da gangan. Layin perfmon /rel, mai auna lafiyarta daga 1 zuwa 10, da ya sauka ƙasa da 2 yanzu ya haura 7. Bayan sharar fanka zafin bai wuce 78 ba. Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: RAM A da ke hannuna, in ajiye ta ko in bayar?

Injiniya Bala: Ajiye ta a ledar da B ta zo a ciki, irin mai hana tartsatsin lantarki. Ran da wata kwamfutar ta fara irin wannan, kana da RAM da ka tabbatar da lafiyarta ta gwaji. Ka liƙa 'yar takarda a cikin murfin ƙasa ka rubuta cewa gurbi na 2 ya lalace, don kada wani mai gyara ya gan shi ba kowa ya cika maka shi.